Ruwan Gishiri a Gindin Tsamiya

Yammacin ranar bai zo da wata alama ba. Awaki sun dawo daga kiwo da kansu, hayaƙi ya fara tashi daga gidajen da ke bakin hanyar Mai'adua, can ƙarshen Daura inda gari ke ƙarewa gonaki su fara. A gidan Malam Jafaru mai sayar da maganin dabbobi, matarsa Adama ta ɗora ruwan tuwo, 'yarsu Hadiyya na zaune a kan tabarma tana bitar karatun jarrabawa. Shi kuwa maigidan yana gidan amma kamar ba ya nan. Yana ƙuryar ɗakinsa, ya toshe kunnuwansa biyu da abin sauraro, ya sunkuya a kan rediyo.

Kowa da abin da aka jarabce shi da shi. Wani tattabaru, wani dara, shi kuwa Jafaru tun yana saurayi aka jarabce shi da farautar tashoshin rediyo na nesa. Ba na gajeren zango ba, waɗanda kowane mai shayi ke kamawa. Na matsakaicin zango yake bi, waɗanda aka kafa don mutanen ƙasarsu kawai, ba don su ƙetare teku ba. Da rana ba a jin su. Amma idan rana ta doshi faɗuwa, sararin sama kan buɗe na ɗan lokaci, sai muryar wani mutum a Oman ko Indiya ta ratso teku da hamada ta faɗo Daura, siririya, tana zuwa tana ɓacewa. Ko kalma ɗaya ta yarensu ba ya ji, amma in ya kamo su sai ka rantse bushara aka yi masa. Adama ta sha ce masa, "Malam, mutanen da ba su san kana duniya ba kake bi, mu da ke gabanka sai mun yi ta kira." Sai ya yi dariya ya mayar da abinsa kunne.

Don wannan farauta ya ja doguwar waya daga tagar ɗakinsa, ta haura katanga, ta bi kan sanduna ta tsakiyar gonarsa, ta miƙe gabas har gindin wata tsohuwar tsamiya. A nan ya kafa turken ƙarfe a ƙasa ya ɗaura ƙarshenta. Tun ranar maƙwabcinsa Ɗantsoho ya gaya masa tsamiyar nan tana da masu ita. Jafaru ya ce ai shi ba sara zai yi ba, aron inuwa kawai ya zo. Shekaru suka shuɗe ba abin da ya faru. In rani ya yi ƙasa ta bushe, turken ba ya aiki sai an jiƙa gindinsa da ruwan gishiri, kuma shi da kansa yake yi, da hantsi, da ruwan sanyi, da bismillarsa.

Ranar dai kasuwa ta riƙe shi, bai jiƙa ba. Yana murɗa rediyo sai ya tsinkayi muryar wata mace tana waƙa, can ƙasa, cikin shuuu. Sau ɗaya ya taɓa jin tashar nan, shekarun baya, ya kuma tabbata ta fi Indiya nisa. Tun daga lokacin yake nemanta. Ga ta yau ta zo, ga ƙara tana neman binne ta, kuma ya san dalili: turke ya bushe. Ya kasa cire abin sauraron ko na ƙiftawar ido.

"Hadiyya!" ya ƙwala kira. "Zuba gishiri a buta, ki cika da ruwan nan na kan wuta don ya narke da wuri. Ruga ki juye a gindin turke."

Adama ta miƙe da muciya a hannu. "Malam, ruwan zafi? Da magariba? A gindin tsamiya?"

"Yanzun nan za ta dawo."

Duk gidan Hadiyya ce kaɗai ba ta yi wa mahaifinta dariya a kan rediyonsa. Wani lokaci yakan ba ta kunne ɗaya na abin sauraron su zauna tare. Don haka ba ta tsaya jin uwarta ba. Ta suri buta ta fice da gudu, rana ta yi ja a bayanta, ta isa gindin tsamiya tana haki, ta juye ruwan gaba ɗaya. Cikin sauri ba ta ambaci sunan Allah ba.

A ɗaki, ƙarar ta ɗauke lokaci guda. Waƙar ta fito tangararan, kamar matar na zaune a gefen gadonsa. Jafaru ya buɗe baki zai yi hamdala, sai wata ƙara ta keto ta saman waƙar, ƙarar ƙaramin yaro, kusa ƙwarai, irin wadda yaro ke yi in ya taka garwashi. Daga nan komai ya yi tsit. Can cikin gari ladan ya fara kiran salla.

Hadiyya ta dawo ba buta. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta dafe da kunnenta na hagu, ta ce, "Baba, ɗan wa ke kuka?"

Ba wanda ke jin kukan sai ita.

Ana idar da sallar isha'i jifa ta fara. Dutse ya faɗo kan kwano, aka yi shiru, wani ya biyo baya. Ɗantsoho da samarin unguwa suka zagaye gidan da tocila, ba su ga ko sawun kaza ba. Adama ta ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun da suka gangaro tsakar gida, ta yi wurgi da shi tana salati. Da ɗuminsa, a jiƙe, kuma fari fat da gishiri.

Daga ranar gidan ya daina zama gida. Ruwan randa ya koma ruwan gishiri, a zubar a ɗebo sabo, kafin yamma ya sake komawa. Jafaru ya zare batiran rediyo ya tura ta ƙarƙashin gado, amma da zarar rana ta yi ja sai a ji shuuu yana fitowa daga can. Abin da ya fi komai ciwo shi ne Hadiyya. Kunnen hagu ya fara mutuwa, sannan na dama ya soma bin sa, har ta kai sai uwarta ta taɓa ta kafin ta san ana mata magana. An kai ta asibiti, likita ya leƙa ya haska, ya ce bai ga komai ba. Da magariba kuwa sai ta zauna ta fuskanci gabas, ta riƙa juya kanta a hankali, a hankali, kamar yadda ake murɗa rediyo. Sai shuuu ya fito daga bakinta, sai muryar wani namiji da baƙon yare, ta ɓace, sai wata ta taso. Jafaru yana tsaye yana gane su ɗaya bayan ɗaya. Muryoyin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nema, ga su suna fita daga bakin 'yarsa, shi kuma ba abin da yake so kamar ya ji ta ce Baba.

Adama ba ta yi masa gori ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ka je Sandamu ka ɗauko Malam Kalilu, tun yarinyar nan tana da sauran ji."

Malam Kalilu dattijo ne ɗan firit, mai karantarwa a zaurensa, ba ya yawo da turare ko layu. Ya iso a bayan babur bayan la'asar. Bai fara da yarinyar ba. Ya ce a nuna masa wayar, ya bi ta da ƙafa har gindin tsamiya, inda butar ke yashe ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗaukowa. Ya yi sallama kamar mai shiga gidan mutane, ya daɗe yana duban turken, sannan ya juyo.

"Wa ya aike ta?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"To ka zauna kusa. Amma kome ka ji, kada ka sa baki. Magana da su ba kamar ciniki a kasuwa ba ce, abin da ka furta ya zauna."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Adama ta riƙe kafaɗun 'yarta. Malam ya fara karatu da murya ƙasa ƙasa, ba gaggawa. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe su. Kaji suka shige akurki. Da rana ta yi ja, jikin Hadiyya ya sandare, kanta ya fara juyawa, ya juya, ya tsaya cak yana fuskantar Malam. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, a dishe, irin ta wadda ta gaji da kuka.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kuwa an riga an ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai gidan da aka kafa wa ƙarfe a ƙofa. Ban ce komai ba. Shekara da shekaru ban ce komai ba."

"Musulma ce ke?"

"Musulma ce."

"To me ya kai ki jikin 'yar Musulmi?"



"Autana," muryar ta ce. "Shi ya gano ƙarfen nan yana magana. Kullum rana ta yi ja sai ya je ya kanga kunnensa a jiki, yana jin waƙoƙin mutanen ƙetare. Har ya iya wasu. Yakan ce mini, Inna, mutumin gidan can abokina ne, tare muke ji. Ranar ya kira ni, ya ce in zo in ji wata sabuwa. Kunnensa na jikin ƙarfen aka juye masa tafasasshen ruwa da gishiri. Da an ambaci sunan Allah, da mun kauce."

Jafaru ya dafe kansa da hannu biyu. Bai taɓa sanin yana da abokin sauraro ba sai yau.

"Kuskure ne," in ji Malam Kalilu. "Yarinya aikenta aka yi, ba ta gan shi ba, ba ta nufe shi ba. Ki ji tsoron Allah. Za a tuge ƙarfen, a naɗe wayar, in yi addu'a a man zaitun a ajiye miki ki shafa masa. Ki fita."

"Ɗana ba ya jin kirana ta wannan gefen. Man zaitun ne zai mayar masa da ji? Hannun da ya zuba, kunnen mai shi nake so. Na so in ɗauke biyun. Don girman abin da ka karanta, na bar mata ɗaya."

"Ba ki da ko ɗaya. Ki fita, ko in ci gaba."

Ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Hadiyya ta fara mimmiƙewa, ta ƙwalla ƙara da muryoyi biyu, tata da ta matar, wani ruwa ya fara gangarowa daga kunnenta na hagu. Adama tana kuka tana kiran sunanta. Wataƙila da an ƙara haƙuri kaɗan, da Malam ya fitar da ita ba tare da an ba ta komai ba. Allah ne masani. Jafaru dai bai iya ba.

"Ni na aike ta!" ya faɗa. "Ki ɗauki nawa ki bar mata nata!"

"Jafaru!" Malam ya daka masa tsawa, amma maganar ta riga ta fita.

Kan Hadiyya ya juyo a hankali. Idanun suka daɗe a kansa, kuma babu mugunta a cikinsu, gajiya ce kawai.

"Na karɓa," muryar ta ce. "Malam, ka shaida ban ƙwata ba, ba ni aka yi. Na fita, ba zan dawo ba. Assalamu alaikum."

Hadiyya ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, jikinta ya saki a hannun uwarta. Daidai lokacin ladan ya ɗaga murya. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, an kira salla." Adama ta rungume ta tana hamdala. Jafaru ma ya ji kiran sallar, amma ta gefe guda.

Washegari da hantsi ya yi bismilla ya tuge turken da hannunsa, ya naɗe wayar, ya ajiye man zaitun a gindin tsamiya kamar yadda Malam ya ce. Jifa ta tsaya, ruwan randa ya koma ruwa. Hadiyya ta rubuta jarrabawarta da kunnuwanta biyu. Rediyon kuwa ya bayar da ita, bai ma tambayi inda aka kai ta ba.

Mutanen unguwa sun san kunnen hagun Malam Jafaru ya mutu, don haka ta dama suke zuwar masa. Abin da bai gaya wa kowa ba sai Adama shi ne kunnen bai mutu ba, yana wani wuri ne. Da rana shiru. Amma idan rana ta yi ja, yana zaune a tsakar gida Hadiyya na ba shi labarin makaranta ta gefen dama, sai na hagun ya buɗe. Yakan ji iska a ganyen tsamiya, da takun awaki masu komawa gida ta gona. Sannan ya ji ƙaramar murya, kusa ƙwarai, tana tambaya.

"Inna, ina ƙarfen? Yau ma abokina bai kunna ba?"