Bidiyon Zazzaɓin Ruhaina

Tukunyar shinkafa da wake tana kan wuta, Ruhaina tana yankan albasa a tsakar gida, uwarta Luba kuwa ta samu kujera 'yar tsugunno tana sana'arta ta biyu, wato latsa waya. Duk layinsu a unguwar Nima an san Luba da abu biyu: abincin sayarwarta mai daɗi, da kuma cikinta da ba ya riƙe magana. Da can maƙwabta take ba labari ta kan katanga. Tun da Allah ya haɗa ta da Fesbuk kuwa, ko haƙori yaro ya fitar a gidan sai mutanen Kumasi sun sani kafin ubansa.

"Ruhaina! Zo ki ga abin da Fesbuk ya tuna mini oo!"

"Mma, hannuna duk albasa."

"To bari kawai in yi shiyarin, kowa ya gani. Allah mun gode maka!"

Ruhaina ba ta ko ɗaga kai ba. Hankalinta yana wani wuri, domin satin da ya wuce ne dangin Muftahu suka zo da goro suka yi gaisuwar neman aure, saura sa rana. Muftahu yana sayar da takalma a kasuwar Tudu, mutum ne mai sanyin magana, kuma sun daɗe suna son juna ba tare da hayaniya ba. Ta gama aikinta, ta yafa mayafi ta tafi shagon ɗinkin da take aiki a unguwar Maamobi.

Bayan azahar Fusena, abokiyar ɗinkinta, ta tsayar da keke ta miƙo mata waya.

"Sista, wannan ba ke ba ce? Wallahi ya zagaya ko'ina."

Bidiyo ne na wata yarinya 'yar shekara takwas kwance a kan tabarma. Zazzaɓin sauro ya hau mata kai, jikinta yana jijjiga, idanunta sun juye, kumfa a baki, zanin da aka rufa mata ya zame gefe. Mahaifinta, marigayi Abukari, ya riƙe kafaɗunta, wani malami yana tofa mata addu'a. A wancan lokacin Luba ta ɗora shi ne a Fesbuk tana roƙon jama'a su taya ta da addu'a. Yau kuma ta sake ɗora shi, ta haɗa da hoton Ruhaina cikin kwalliyar ranar gaisuwa, ta rubuta: "Ku dubi ikon Allah! Wannan yarinya ne zai yi aure!"

Ruhaina ba ta taɓa sanin akwai wannan bidiyo a duniya ba. Ta san dai ta yi ciwo tana ƙarama, an kai ta asibiti ta warke, bai kuma sake dawowa ba. Ta kalli kanta tana birgima tsirara a gaban mutanen da ba ta sani ba, kunya ta kama ta har ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Masu rubuta masha Allah sun rubuta. Sai kuma likitocin Fesbuk suka iso, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar makarantar likita ba. Wannan ya ce farfaɗiya ce, kuma gadonta ake yi. Waccan ta ce ai aljani ne, in ya shiga ba ya fita, kwanciya kawai yake yi sai an yi aure ya tashi. Kafin la'asar bidiyon ya faɗa guruf ɗin dangin Muftahu. Washegari mahaifiyarsa, Hajiya Barikisu, ta aiko cewa a dakata da maganar sa rana.

"Mma, me ya sa kika yi mini haka?" Ruhaina ta tambaya tana kuka.

"Aa ba! Me na yi? Godiya na yi ma Allah! Ni na haife ki, ni na yi jinya, in na nuna ma duniya laifi ne? Masu baƙin ciki ne kawai, ba komai koraa, ko kaɗan!"

"Tsirara nake fa, Mma!"

"Yaro yana da tsiraici ne?"

Haka Luba ta rufe maganar, ta koma kan tukunyarta tana mita.

Muftahu ya zo da yamma ya tsaya a ƙofar gida. Shi ma ya rame a kwana biyun nan, domin ƙannen mahaifiyarsa sun sa shi gaba kamar shi ya ɗora bidiyon.

"Ruhaina, ni ba zan fasa ba," ya ce. "Amma ba zan tsallake maganar Hajiya ba. Ki ba ni taim, plis."

"In ta ce a'a fa?"

"Sai in ci gaba da roƙonta har ta gaji da ni."

Haƙuri dai sunansa ke da daɗin faɗa. Makonni suka shuɗe, Ruhaina tana zuwa shago tana dawowa, kanta a sunkuye. In ta wuce wajen masu sayar da koko sai hira ta tsaya. Wata mata da ta kawo ɗinkin yara ta dawo ta karɓe kayanta, wai kada a shafa wa 'ya'yanta. Ruhaina ta naɗe mata yadin ta miƙa da hannu biyu. Kukanta a kan sallaya take yin sa.

Ran nan da hantsi sai ga Hajiya Barikisu da kanta a shagon, riƙe da atamfa a leda. Jikar fataken Kano ce, Hausarta tsaf kamar jiya ta sauka daga mota. Fusena na ganinta ta tuna tana da saƙo a bakin titi. Ruhaina ta durƙusa ta gaishe ta, ta ɗauko tef.

"Auna ni a hankali, 'yata, ba sauri nake ba," in ji Hajiya. Sai da tef ya kai kafaɗa sannan ta ci gaba. "Kin ɗauka ciwonki nake gudu, ko?"

Ruhaina ta sunkuyar da kai ta ci gaba da awo.

"Muftahu yana ɗan shekara biyar ya yi irinsa, har sai da ya ciji harshensa. Na goya shi, na lulluɓe shi da mayafina, na ruga asibiti. Shi kansa bai san an yi ba. Ƙannena da suke ta surutun aljanu su ma ba su sani ba. Ke ce ta farko da na gaya wa, don ke za ki zauna da shi."

Tef ya suɓuce daga hannun Ruhaina.

"To Hajiya, me ya sa..."

"Jikokina nake ji. Na sa ido a kanki tun da abin nan ya faru, ban ji kin ɗaga murya ga kowa ba, ban ji kin zagi uwarki ba. Ke ba ni da matsala da ke. Amma gobe in kin haihu, gidanku za ki je wanka. Ba zan miƙa jikana inda za a nuna wa duniya shi tun bai san sunansa ba. Ki gaya wa mahaifiyarki ina son jin ta bakinta."

Da Ruhaina ta kai saƙon, Luba ta yi tsalle ta dire. Ita za a kira kamar mai laifi? Wace ce Barikisu? Ruhaina ta bar ta ta gama. A wannan karon ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko wayar, ta kunna bidiyon, ta zauna kusa da uwarta.

"Mma, kalli da kyau. Ga hannun Baaba a kafaɗata. Ga hannun malam a goshina. Ga zani ya zame, ba wanda ya gyara mini. Ke ina hannuwanki suke?"

Luba ta kalli bidiyon da ta kalla sau ba adadi, sai a ranar ta ga yadda hoton yake rawa, domin mai riƙe da wayar ita ma rawa take yi.

"Tsoro na ji," ta ce a hankali. "Na ce za ki mutu ne. Na ce in mutane da yawa sun yi addu'a..."

"Na sani, Mma. Na san don so kika yi. Amma jikina ne, kuma ba ki tambaye ni ba, da can ko yanzu."

Luba ta rufe fuska da gefen zani ta yi kuka mai yawa. A ranar ta goge bidiyon, ta bi hotunan sauran 'ya'yanta na wanka da na kuka duk ta goge. Sannan ta shiga gida-gida tana roƙon mata su goge nasu, wasu su goge a gabanta, wasu su ce to. Daga ƙarshe ta yafa mayafinta mai kyau ta je gidan Hajiya Barikisu a Maamobi, ta zauna a tabarmarta, ta yi alkawarin ba za ta ƙara nuna wa duniya hoton yaro ba. Abin mamaki, ko hoton zaman ba ta ɗauka ba.

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Muftahu ya yi ta murmushi har kumatunsa suka gaji, ƙannen Hajiya kuwa su suka fi kowa rawa, kamar ba su ba. Haƙurin Ruhaina ya kai ta ɗakinta da mutuncinta, surukarta kuma ta riƙe ta kamar 'yar cikinta.

Ana cikin rabon abinci wata baƙuwa daga Kumasi, wadda Luba ba ta taɓa gani ba, ta dafa ta tana fara'a.

"Ke ce uwar amarya? Ai na san ta! Ba ita ce ta bidiyon nan mai kumfa a baki ba? Har yanzu yana wayata."

Luba ta miƙa mata faranti, ta kau da kai. Ruhaina ta ji, ta gyara lulluɓinta ta ci gaba da gaisawa da mutane.

Iyaye, ku ji da kyau. Yaro amana ne, sirrinsa ma amana ne. Ba zai iya ce muku a'a ba yana ƙarami, shi ya sa nauyin ya hau kanku. Abin da kuka ɗora yau don so ko don dariya zai riga shi girma, ya je ya jira shi a makaranta, a wurin aiki, a ƙofar surukai. Luba ta samu gafarar 'yarta, ta samu suruki nagari, amma bidiyon nan har gobe yana hannun mutane, kuma ba ta da ikon karɓo shi.