Rijiyar da aka cika da mushe

Ana gab da kiran magariba Ramatou ta fito tsakar gida da tukunya, sai wani wari ya tare ta a bakin madafa. Warin nama ne da ya kwana a rana. Ta duba kwata, ta leƙa bayan randa, ba ta ga komai ba. Sai wani abu ya faɗo kan tabarma daga sama. Ta ɗauka dutse ne. Ƙashi ne, da tsutsa a jikinsa.

A Agadez ne, unguwar Dagmanet, shekarar da damina ta ƙi, soja kuma na riƙe da mulki. Mijinta Alkasum ma'aikaci ne a wani biro, ofishin da ke tsara rabon wutar lantarki. A cikin ordinater, wato kwamfuta, ya zana garin: layukan wuta, injinan tura ruwa, ɗakin sanyi na mahauta, kowanne rataye da ɗan'uwansa. Yakan kashe ɗaya a allon, ya ga abin da zai bi shi faɗuwa.

Tun daga ranar, kullum rana ta yi ja, sai ƙasusuwa su fara zuba. Maƙwabta suka daina shigowa. Daga baya 'yarsu Zeinabou, mai shirin jarrabawa, ta bar cin abinci. Sai ta zauna a gindin bango tana kakarin amai, ƙudaje na bin ta duk da wankan da ake mata.

Aka ɗauko Malam Ya'u, dattijon da ke ruƙiyya. Ya zauna ya toshe hanci da rawani, ya yi ta karatu har yarinyar ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Mai rijiyar bayan mahauta. Tun kafin a gina unguwar nan nake zaune a cikinta da jikokina."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ubanta za ka tambaya. Da gazuwal, man injin wuta, ya ƙare, mai kaki ya ce ya nemo layin da za a yanke, kada gidajen manya su yi duhu. Ya gwada a akwatinsa. Ya ga in wuta ta tafi famfo zai tsaya, ɗakin sanyi ya mutu, nama ya ruɓe. Ya gani sarai, ya ce a yanke. Ina kake tsammani mahauta suka zuba mushen?"

Ramatou ta juya ta dubi mijinta.

"Baban Zeinabou, haka ne?"

"Babu rijiyar a cikin zanen," ya ce a hankali.

Tsohuwar ta yi dariya, yawu na zuba a haɓar yarinyar.

"Matan da suka kwana a bakin famfo fa? Su ma ba su ciki?"

Malam ya tsawata mata da sunan Allah, ya ce zalunci ba ya halatta zalunci, ta faɗi abin da take so ta fita. Ta ce hannun Alkasum na dama. Malam ya ƙi, ya ci gaba da karatu har ta yi ƙara.

"To ya shiga da kansa ya kwashe. Kada ya ɗauki lebura."

Alkasum ya amsa. Zeinabou ta yi atishawa ta sulale ƙasa, ta nemi ruwa da muryarta.

Da safe aka zura Alkasum cikin rijiyar da igiya. Bokiti bayan bokiti yake miƙo hanji da fata da suka narke, yana amai yana komawa, mutane na kallo daga nesa da mayafi a baki. Sai la'asar ya taɓo yashi.

Ƙashi bai sake faɗowa ba, Zeinabou ta koma makaranta. Amma tun ranar Ramatou ta ware masa moɗa da buta. Ko ya yi wanka ya sa turare, in ya nufi randa sai ta tashi da sauri.

"Bari, ni zan ɗebo maka."