Maɓalli na Uku

Ra'afat mai gyaran rediyo ne a birnin Tanta. Tun da matarsa Abla ta rasu, abin da ya rage masa na muryarta kaset ɗaya ne, wanda aka ɗauka tana waƙa tana girki. Amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, biyu gare shi, tsohuwa da sabuwa, ya kuma rasa wadda ke fito da muryar yadda take. Ya san kunne yakan bi son rai, don haka ya zauna da dalma da wayoyi ya haɗa wani ɗan akwati mai maɓalli uku. Na farko na tsohuwar, na biyu na sabuwar. Na uku kuwa akwatin ne ke zaɓa da kansa, ko shi da ya ƙera bai san wadda zai kunna ba.

Gab da magariba ya zaunar da 'yarsa Tahani gaban lasifika, ya ce ta rufe ido. Ta saurari na farko, ta saurari na biyu. Ya danna na uku, akwatin ya ce ƙas.

"Wannan ce Mama," in ji ta.

Ra'afat ya dubi kaset. Zaren ya ƙare, amma waƙar ba ta tsaya ba.

Daga ranar gidan ya canja. Rana na faɗuwa sai tsakuwa ta fara zuba a tagogi, ga su a hawa na sama. Ya zare wutar akwatin, bai hana shi ƙas-ƙas a ɗakin da ba kowa ba. Tahani ta daina cin abinci. Tana zama ido rufe, tana murmushi, tana amsa kiran da ita kaɗai ke ji.

Ya ɗauko Shaihu Abdul Mu'uti, tsohon da ke karantarwa a masallacin unguwa. Shaihu ya zauna kusa da kanta, ya daɗe yana karatu. Can jikinta ya sandare, ta buɗe baki da muryar Abla.

"Ra'afat, kai ma za ka kore ni?"

Ra'afat ya yunƙura zai nufe ta. Shaihu ya riƙe shi. "Wadda ke kabari ba ta dawowa, ɗana. Kai kuma aljani, yi magana da muryarka!"

Sai murya ta koma ƙasa, mai kauri. "Na riga su zama gidan nan. Shekara da shekaru ina jin matar tana waƙa. Mijinta ne ya yi ƙofa da akwatinsa, ya ce kada a san mai shigowa, na shigo. Kullum ni yarinyar ke zaɓa. Ku bar mini magariba kawai. Zan yi masa maganar da matarsa ba ta samu ta yi ba."

Ra'afat ya buɗe baki. Allah ya sani, saura kaɗan ya ce to. Sai idonsa ya kai ga hannun 'yarsa, ya zama kamar sanda don rama.

"Fitar da shi, Shaihu," ya ce, yana kuka.

Shaihu ya ɗaga murya. Abin ya yi ihu, ya roƙa, daga baya ya rantse zai fita ba zai dawo ba. "Amma zan tafi da nawa," ya ce. Babban yatsan ƙafarta ya girgiza, ta yi atishawa, ɗakin ya yi tsit.

Tahani ta warke. Ra'afat ya farfasa akwatin, ya zubar a magudanar bayan gari.

Bayan kwanaki ta roƙe shi ya sa mata kaset ɗin. Ya sa. Ta saurara har ƙarshe, ta juyo tana dubansa.

"Baba, muryar da daɗi," ta ce. "Wace ce?"