Kararen da Yavor Ya Ƙone

Ranar da Yavor ya shigo aikin sa kai a lambun furannin daji na unguwarsu a birnin Plovdiv, ranar Nevena ta fara ganinsa. Kyakkyawa ne, sai dai ga rawar kai. Kafin ta iso har ya sare busassun kararen lambun ya banka musu wuta, ya tsaya yana jiran yabo.

"Kai, wa ya aike ka?" ta ce. "A cikin kararen nan ƙudan zuman daji suke kwana har sanyi ya wuce!"

Mahaifiyarta ce ta dasa lambun. Tun rasuwarta, Bai Dobri, mahaifin Nevena, yakan zauna a benci da yamma ya rufe ido. Ya ce a kukan ƙudan yake jin waƙar da matarsa ke yi in tana murza ƙullu.

A shekarar furanni sun buɗe, amma wurin tsit kamar maƙabarta.

Yavor bai gudu ba. Kullum yana bakin kogi yana yanko kara mai rami, ya ɗaure ya rataya wa ƙudan su samu wurin kwana. Tun Nevena na harararsa har ta koma raba banitsarta, wainar cukun da take zuwa da ita, da shi.

Ya turo mata saƙo: "Furena, ba ni da bakin magana, amma ina son ki."

Ta amsa: "Sarkin wuta, ni ma. Baba ne matsalar."

Ai kuwa da suka je masa da maganar aure, tsohon ya kafe. "Yaron da ya sake binne mini mata? Sai lambun nan ya yi magana."

Da ɗumi ya zagayo, ƙudan suka dawo kaɗan kaɗan. Bai Dobri ya zauna ya daɗe ido a rufe, su biyu suna tsaye tsuru-tsuru.

"Ba muryarta ba ce," ya ce. "Waɗannan baƙi ne."

Nevena ta matso kusa da mahaifinta.

Ya share hawaye da hularsa. "Ta tafi, 'yata. Ni ne na ƙi sakinta. Zo nan kai, ɗan banza, ba ni hannunka."

Da kaka aka ɗaura auren. Tsohon ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka. Ya sa ku tsufa tare, kada ɗayanku ya zauna a benci shi kaɗai."