Wanda Ya Amsa Kiran Fankar Ƙarshe

Dab da magariba muka kama hanyar fankar ƙarshe, ni da Yaya, a motar kamfani. Aikinmu gyaran manyan fankokin nan da iska ke juyawa su ba da wutar lantarki. Yaya ke tuƙi, yana yi mini tsiya wai tumbina ya kusa hana ni shiga ƙofar hasumiya.

Da can da kalanda muke aiki. Ko fanka lafiyarta ƙalau, in lokacinta ya yi sai mun hau, mu sa giris, mu ɗaure noti. Gwiwoyinmu sun ji jiki. Da aka zauna sake tsari, wasu suka ce a bar kowacce sai ta lalace sannan a gyara, wasu suka ce a'a, rigakafi ya fi magani. Injiniyarmu ta kawo hanya ta uku: a liƙa wa kowace fanka na'urar saurare, wadda muke ce wa kunne. In ƙarfe ya fara kuka, kunne ya ji, saƙo ya shigo wayoyinmu, mu ce fanka ta yi kira. Wanda ya danna "na amsa", aikin ya hau wuyansa ke nan, ba ya sauka sai ya gama. Wallahi mun yi murna, duk cikinmu.

Kowace fanka ta yi kira, wata ma har ta ishe mu kamar jaririya mai ciwon ciki. Ban da ta ƙarshe. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ko tari ba ta yi ba. Ciyawa ta cinye hanyarta. Ba wanda ya je, tunda ba ta kira kowa ba.

Ranar nan ta kira. Wayoyinmu suka yi ƙara tare. Hannuna duk baƙin mai, ina laluben tsumma, Yaya ya riga ni dannawa. Iyakar abin da ya raba ni da shi ke nan, tsumma.

Da muka isa, muka tsayar da fankar tun daga ƙasa, fukafukan suka yi cak. Yaya ya buɗe ƙofa. Na zaci ƙura da kashin jemage za mu tarar. An share wurin tas. Ƙamshin sabon giris ya doke ni, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani wari, irin na ɗakin majinyaci da aka daɗe ba a buɗe taga ba.

Na tambaye shi da raɗa ko wani ya zo kafin mu. Ya nuna mini makullin. Shi kaɗai ne, kuma sai da muka kankare masa tsatsa.

Na ce mu koma sai da safe. Ya ce ai ya riga ya amsa, leƙawa kawai za mu yi. Taurin kan Yaya ba yau ya fara ba, tun muna yara in ya ce eh, to ko Inna sai haƙuri.

Muka maƙala igiyar tsaro, muka kama tsani, yana gaba ina biye. Ƙarfen tsanin da ɗumi, kamar yanzu wani ya ɗauke hannunsa. Iska na kuka a waje. A ciki sai numfashinmu.

Can sai muka ji daga sama: ƙwas, ƙwas. Sifana ce a kan noti. Mai gyara ba ya ɓata wannan ƙarar.

Sai tari. Busasshe, mai tsawo.

Yaya ya ɗaga murfin ɗakin inji, muka shiga. Wani tsoho na zaune a gindin giyar injin, ƙashi da fata, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwa. Ɗan Adam ne kamarmu, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro. A bayansa, ta ramin da ake bi a shiga cikin fukafukai, akwai duhun da tocilata ta kasa hudawa. Hasken ya je ya tsaya kamar ya tarar da bango. Duhun yana numfashi, kuma ba numfashin mutum ɗaya ba ne.

Tsohon ya dube mu, hawaye na bin fuskarsa. Ya ce shi a injin ban-ruwa ya amsa kiran waɗanda ke cikin duhun nan, yana saurayi. Duk injin da mutane suka daina zuwa, nan suke tarewa, su kai shi ya riƙa kula musu da gida.

"Su ba sa jira abu ya lalace kafin su canza shi," in ji shi.

Daga cikin duhun murya ta fito, a hankali, kamar jama'a na magana baki ɗaya.

"Wa ya amsa?"

Na damƙe hannun Yaya. Duhun ya karkato ta wajena. Na ji sanyinsa a wuya.

"Ni ne," in ji Yaya.

Ya ɓamɓare yatsuna daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya miƙa masa sifana.

"Sauka, ƙanena. Kada ka ɗaga kai."

Fukafukan da muka tsayar suka fara juyawa. Hasumiya ta ɗauki rawa.

Na sauka. Ban san yadda na sauka ba. Tafin hannuna duk ya saɓule.

Da safe aka hau da mutane da yawa. Ɗakin inji a share, noti a ɗaure, ba Yaya, ba tsoho. Kamfani ya koma kalanda, yanzu kowace fanka sai an je an buɗe ta, lafiya ko ba lafiya. Ta ƙarshen ce dai ba mai yarda ya hau, kuma duk filin ba wadda ta kai ta ba da wuta.

Kunnenta yana nan yana aiki. Injiniya ce ta fara ji, ta kira ni, ta sa mini abin saurare. Ƙwas, ƙwas. Sai wani ɗan fito da Yaya ke yi in noti ya ƙi kwancewa. Na yi kuka kamar yaro.

Inna ta ji labari. Yanzu duk mako sai na kawo ta ofis, ta zauna kan kujerar roba, ta sa abin a kunne, ta rufe ido. Ba mai iya hana ta. Kwanan nan fiton ya ragu, tari ya fara shigowa.

Jiya ta daɗe tana saurare. Da ta cire, ba ta tashi ba. Ta dubi wayar amsa kira da ke aljihun rigata, sannan ta dube ni.

"Yayanka ya gaji," ta ce.