Tsiren Bappa a Jikin Afish

Tun safe Muttaka ya kasa zaune ya kasa tsaye a ɗakinsa da ke Gazawa. Afish, wato fastar tallar fim, a kan gado, afish a ƙasa, shi kuwa yana ta tura fim ɗinsa na farko cikin memori, don direban da zai kai wa masu tura finafinai a waya na Maradi yana tasha yana jira.

Sai ga yayarsa Baturiya ta shigo da Safina, 'yar rugar bayan gari, wadda yake mutuwar so. Safina ta ɗauki afish ɗaya tana murmushi. Nan take murmushin ya ɗauke.

"Muttaka! Wa ke nan bayan jarumin?"

Ya duba. Wani dattijo ne mai malfa a kasuwar Cadawa, ya laɓe bayan rumfa, baki buɗe, zai kai tsire.

"Bappa ne!" ta ce, hawaye na zuba. Ƙanen mahaifinta ke nan, wanda ya rene ta, wanda kuma har yau bai ce uffan ba kan maganar aurensu. "A wurinmu suruki ba ya ganin babba yana ci. Kai ka gani, kuma za ka liƙa shi a kowace tasha? Wallahi in wannan ya fita, ni da kai sai a lahira!"

"Haba, ke kuwa!" in ji Baturiya. "Nama ya ci, ba sata ya yi ba! Kai kuma kada ka kuskura ka yanke shi daga fim ɗin. Wurin nan shi ne zuciyar fim ɗin, jarumin kuma ya tafi Agadas. Da wa za ka sake ɗauka?"

Waya ta hau ruri, direba ne. Muttaka ya kai ƙofa ya dawo, ya sake kaiwa ya dawo. Ya dubi aikinsa, ya dubi Safina, sannan ya ɗaga wayar.

"Tafi kawai, direba. Babu kaya yau."

Ya ƙone afish ɗin, ya yanke wurin ɗungurungum. Fim ya fito a makare, masu kallo suna ta ƙorafin an yi musu tsallake. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai gaya wa kowa dalili ba. Sai dai bakin Baturiya ba ya riƙe magana, har labari ya kai ruga.

Bappa ya aika aka kira Muttaka, ya zo. Suka gaisa, aka kawo fura. Dattijon ya dube shi, ya ɗauki ƙwaryarsa, ya zagaya bayan bukka.

Muttaka ya juya wajen Safina. "Fushi ya yi?"

Safina ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana kuka.

"Kai dai Bahaushe ne! Ai ba a sha a gaban suruki."

Wanda ya rufa wa babba asiri a lokacin da tonawa za ta amfane shi, shi ake ba amanar 'ya.