Ɗan Farin Inna Atine

Haulatu tana kicin tana tuƙa tuwo a gidansu na garin Al Wakrah, can ƙasar Larabawa, sai ga mijinta, Dokta Ɗalhatu, ya shigo yana murmushi.

"Haula, ajiye muciyar nan ki ji. An sa sunana cikin waɗanda za a duba a ba su iƙamar dindindin, wato takardar zaman ƙasar nan har abada, saboda aikin da muka yi lokacin korona. In ta fito, khalas, shi ke nan, ba ruwanmu da kafil, ubangidan da zamanmu ke hannunsa."

Har ta buɗe baki za ta yi guɗa, sai suka ji gyaran murya daga falo. Inna Atine ce, mahaifiyarsa, wadda ta zo daga Kumo da katin 'yan kallon ƙwallon duniya da ake bugawa a ƙasar, ita da ko fili ba ta taɓa leƙawa ba. Ɗalhatu ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, duk maganar da za ta yi masa ta bakin matarsa take bi.

"Ke yarinya, gaya wa mutumin nan, in ya karɓi abin nan ban yafe ba. Ubansa ya rasu bai zo ya sa shi a ƙasa ba. Ke kika ɗaure shi a garin nan, yanzu kuma har abada kike so. To ko ya bar takardar, ko ya bar ki."

Haulatu ta san lokacin rasuwar korona ta sa an rufe hanyar jirgi, ita kanta wata da watanni a waya kawai take ganin fuskarsa, yana can asibiti. Ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta.

"Bari in je in yi mata bayani," in ji Ɗalhatu, ransa a ɓace.

Ta riƙo hannun rigarsa. "Filis Dokta, kar ka ɗaga mata murya. In ba ta amince ba, ka janye sunanka."

"Kin san mutane kaɗan ne ke samun wannan?"

"Na sani. Ni dai ba zan ci daɗin da Inna ke kuka a kansa ba."

Haka aka yi ta zama. Haulatu na dama mata kunu, tana matsa mata ƙafa, Inna kuwa ko sannu.

Ranar wata Asabar ta raka ta kasuwar bakin teku sayen kifi. Gari ya cika da 'yan kallo, kowa da tutarsa a wuya. Sai wata mata 'yar Gana, Adjara, mai aikin shara a unguwar West Bay, ta rungume Haulatu.

"Ei, Madam Dokita! Wannan mamanshi ne? Mma, Allah shi biya ki. Mijina Gafaru, numfashi ya ƙare mai, dokita ne ya tsaya kanshi. A gabanshi aka buga waya baban dokita ya mutu. Ya fita ya yi kuka, ya wanke fuska, ya dawo ya gyara ma Gafaru roban iska na hanci."

Inna ta kau da kai. "Wa ake nufi? Ni ban san shi ba. Malam, auna min wancan kifin."

Amma a mota Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai da suka kusa gida ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ashe ya yi kuka?"

"Har yau yana yi, Inna."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Duk sanda na ɗauko zancensa, tashi kike yi."

Can Inna ta lalubo hannun Haulatu ta riƙe gam.

Bayan la'asar, Ɗalhatu na zaune a gefen tabarma, Inna ta juya ta fuskanci bango.

"'Yata, gaya wa mutumin nan ya karɓa, Allah ya sa albarka. Amma duk azumi a gabana a Kumo za ku sha ruwa, ke da shi."

"Dokta, ka ji saƙo?" in ji Haulatu, tana dariya tana share ido.

"A ce mata na ji, na gode."

"A ce masa ya rage baki," in ji Inna.

Iƙamar ta fito bayan an watse ƙwallo, kuma azumin da ya biyo a Kumo suka yi shi. To 'yan mata ku ji, faɗan uwar miji ba kullum ƙiyayya ba ne, wani lokacin kewar ɗanta ce da kunya ta hana ta furtawa. Da Haulatu ta rama a ranar nan, da ta yi asarar mijin da uwar gaba ɗaya.